Yashi, gishiri da garin ƙarfe

Talata. An kawo wuta da asuba, na samu na yi guga kafin su ɗauke. Tarin Auta ya yi sauƙi, Alhamdu lillahi.

Bayan la'asar Ummi ta baje littattafai a tsakar gida tana ta tsaki. Aikin gida ne na kemistiri: an cakuɗa yashi da gishiri da garin ƙarfe, a faɗi yadda za a raba su kowanne ya fita daban. Hajiya na gefe tana regen shinkafa 'yar Kura. Da na mayar mata da tambayar Hausa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kishiya, zuba musu ruwa. Gishiri zai narke, yashi ba ya narkewa. Ki tace da tsumman koko, ki ɗora ruwan a wuta ya ƙone, gishirinki na nan a gindin tukunya."

Ummi ta ce, "Hajiya, wannan fa kimiyya ce, ba girki ba."

Na san akwai wasan jika da kaka, kullum cikinsa suke. Amma wannan muryar ba ta wasa ba ce. Hajiya ta ce "To," ta ci gaba da juya ƙwaryarta, shinkafa na gangarawa roba, tsakuwa na kwantawa ƙasa saboda ta fi nauyi. Abin da yarinyar ke nema a littafi ga shi ana yi a gabanta.

Ban yi faɗa ba. Na sa Auta ya ciro mayen ƙarfen da ke bayan lasifikar tsohuwar rediyon babansu, muka naɗe shi a leda, muka goga ƙusa a dutse muka samu ɗan gari. Ƙarfen ake fara cirewa tun kayan na bushe, don in ya jiƙe sai ya manne da yashi, ga tsatsa. Wannan kaɗai Hajiya ba ta faɗa ba. Sauran duk yadda ta ce muka bi. Ruwa na tafasa wajen digiri 100 ya tashi tururi, shi kuwa busasshen gishiri sai zafi ya kai digiri 801 wuta ke narkar da shi, shi ya sa ake barinsa a baya. Da ruwan ya ƙafe a murfin tukunya, fari fat ya fito, Ummi har da tsalle. Ta rubuta amsa da Turanci, ta rufe littafi. Ko kallon inda Hajiya take ba ta yi ba.

Abin ya tsaya min a rai har yanzu. Matar nan ta yi shiƙa, ta yi tankaɗe, ta kaɗa nono ta fitar da man shanu, ta matse man gyaɗa daga tunkuza, ta jefa alif a randa laka ta kwanta. Ni ma da nake 'yar sakandare na taɓa gaya mata magana irin wannan, kuma "To" ɗin nan ta ce min. Sai yau na ji nauyinta.

Tuwon dare ya yi ruwa, hankalina ba ya wurin.

Bayan isha'i na leƙa ɗakinta, tana jan carbi, ban iya cewa komai ba. Murfin tukunyar da gishirin na ajiye shi kan taga, na hana a wanke. Gobe kafin a tafi makaranta Ummi ce za ta kai mata da hannunta.