Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daga Ɗakin Hoto Zuwa Jami'a

Makon jiya mun tsaya ne a ƙarshen bautar ƙasa. Yau sai shigata koyarwa, da tambayar da iyaye a Gombe suke yawan yi mini: ta ina mai ɗaukar hoton asibiti yake zama malamin jami'a?

Hanya biyu ce, ana yawan cakuɗa su. Mai ɗaukar hoto shekara 5 yake yi a jami'a irin Bayero ta Kano ko ta Maiduguri, sai shekara 1 ta horo a asibiti a ƙarƙashin hukumar RRBN mai ba da lasisi. Likita mai karanta hoton kuwa sai ya gama likitanci na shekara 6, ya ƙara wasu shekarun ƙwarewa a asibitin koyarwa, kamar na Tarayya da ke nan Gombe. Ta farkon na bi.

Digirin farko ba ya kai mutum nesa. Sai da na biyu da na uku, kuma daga ƙaramin lakcara har farfesa ba a hawa mataki sai da binciken da aka buga a mujallu.

Binciken da na fi ɗora sababbin shiga a kai shi ne awon ƙoda da sikanin, domin yawancin alƙaluman littattafanmu a jikin Turawa aka samo su. Ƙodar baligi kan kai santimita 9 zuwa 12, amma tamu fa? Kafin a taɓa kowa, a karɓi takardar kwamitin ɗa'ar bincike, kowane mutum kuma ya sa hannu ya yarda. Wanda ya tara bayanai kafin takardar ya yi aikin banza, mujallar kirki ba za ta karɓa ba. A tsame masu hawan jini da ciwon suga da masu juna biyu. A rubuta tsayi da nauyi nan take, don in mutum ya koma ƙauyensu shi ke nan.

Sai a ɗauki kan na'ura mai lanƙwasa, na megahaz 3.5 (ma'aunin saurin kaɗawar sautin da na'urar ke turawa cikin jiki), mutum ya kwanta a gefe, a ce masa, "Baba, ja numfashi, riƙe." Ƙodar za ta sauko daga bayan haƙarƙari. A juya hannu a hankali har mafi tsawonta ya fito, a auna sau uku, a ɗauki matsakaici. In hannu ya karkace, awon zai gajarce. Inuwar haƙarƙari kan ɓoye samanta, iskar hanji ta rufe ƙasanta. Ta hagu takan ɗan fi ta dama tsawo, kada wannan ya tayar wa ɗalibi hankali. In mutum biyu ke awon, su fara gwada hannunsu a kan mutane guda a ga ko sun yi daidai.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, batun neman tallafin TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu.