Na Kai Fijon Baba Kaduna a Miƙe Mata Ƙashi

Muna idar da sallar Asuba muka bar Kano, ni da ƙanena, hazon hunturu ya sauko har fitilar mota ba ta ratsa shi. Motar kuwa Peugeot 504 ce fara, wadda mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya saya gal zamanin Shagari. Ta yi shekaru a ƙarƙashin rumfa, kaji na ƙwai a kujerar baya, kafin na ɗauri aniyar tayar da ita. Wata takwas ina bin Ƙofar Ruwa ina tsintar kaya ɗaya bayan ɗaya. A makon da ta fara tafiya kuma wata motar kaya ta yanko mini a mararraba, ta daki gabanta ta ɓangaren dama.

Wanda na fara kai wa a Kano ya buga fenda, ya shafa fila, ya fesa fenti, kwana huɗu ya miƙo mini makulli. A ido kam ta yi kyau. Amma da na hau titi sai ta dinga fizgata dama, tayar gaba ta cinye ta gefe guda cikin wata ɗaya, murfin inji kuma ba ya rufuwa sai an danne shi da gwiwar hannu. Wani abokin Baba, tsohon direban tasha, ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Ɗana, wannan ba ciwon fata ba ne, ƙashi ne ya goce." Shi ya yi mini kwatancen wani dattijo a Kaduna.

Tafiyar da ake yi cikin awa uku, mu sai da muka ci kusan shida. Ban yarda na wuce sittin ba, kuma hannuna biyu na kan sitiyari kamar mai riƙon ragon layya. Mun wuce Kura, mun wuce Kwanar Gafan inda kwandunan tumatir suka yi layi a bakin titi. A Kwanar Ɗangora muka tsaya muka ƙara wa lagireto ruwa, muka sha shayi. Mai shayin ya leƙa motar ya ce rabon da ya ga irinta da lafiyar fitilu haka ya manta. Daga Tashar Yari zuwa Zariya ƙanena ya yi barcinsa, ya bar ni da ƙarar taya.

Da muka wuce Jaji da Mararrabar Jos muka shigo ta Kawo, sai na ji wani abu a raina: motar nan gida ta dawo. A Kakuri aka haɗa ta, a masana'antar Peugeot da ta fara aiki a 1975. A Faransa an fito da 504 tun 1968, sun daina yin irin tamu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000. Shi ya sa har yau garin bai rasa hannun da ya san cikinta ba.

Garejin yana wani lungu kusa da Panteka, kasuwar maƙera da tsofaffin ƙarafa, inda ƙarar guduma ba ta barin ka ji sallamar na kusa da kai. Dattijon yana zaune a kan benci, tabarau ɗaure da zare. Na gaishe shi, na fara zuba bayani, ya ɗaga mini hannu.

"Bari ta faɗa da kanta."

Bai taɓa guduma ba ranar. Ya buɗe ƙofofi huɗu ya rufe, yana zura ɗan yatsa a tsakanin ƙofa da fenda. A hagu yatsan ya shiga, a dama bai shiga ba. Ya shafa rufin motar da tafin hannu daidai saman ƙofar gaba, ya ce in taɓa. Wata 'yar lotsawa ce da ban taɓa lura da ita ba, nesa da inda aka yi karon. Sannan ya sa yaransa suka ɗora ta a kan ƙarafa huɗu a daben siminti, suka daidaita ta. Ya ɗauko zare mai ɗan dalma a baki, yana rataya shi a wasu ramuka da ke ƙarƙashin motar, hagu da dama, yaro na ɗiga alli a ƙasa daidai inda dalmar ta nuna. Da aka gama sai ya ja tef daga ɗigon gaba na dama zuwa na baya na hagu, ya sake ja daga gaba na hagu zuwa baya na dama. A motar da ke lafiya awon nan biyu ɗaya suke, ko su saɓa da abin da bai wuce milimita uku ba. Tamu ta saɓa da kusan faɗin babban yatsa.

Nan ya yi mini karatun da ban samu ba a wata takwas. Ita 504 ƙarama ba ta da shasi daban irin na babbar mota, wanda za ka ɗage jiki ka bar shi. Jikin ne shasin. Ƙafafu biyu na ƙarfe da suka fito gaba suna riƙe da inji, haɗe suke da daɓen motar, kuma kan shokazoba a jikin bangon fenda na ciki yake ɗaure. In wurin ya matsa, taya ta kwanta ke nan, kuma babu mai saitin taya da zai iya tayar da ita.

Washegari aka fara ja. An ɗaure motar da sarƙa a wasu zobban ƙarfe da ke binne cikin simintin, aka maƙala wani matsi a bakin ƙafar da ta goce, aka haɗa da sarƙar ja. Ya tambaye ni ta ina motar kayan ta zo, na nuna masa, ya karkata sarƙar ta bi wannan layin. Ta inda duka ya shiga, ta nan ake fitar da shi. Yaro ya ja kaɗan, ƙarfe ya yi ƙara, dattijon ya bubbuga gefen lanƙwasar da ƙaramar guduma, a saki, a auna, a sake. Kullum sai ya ɗan zarce awon, don in an saki ƙarfen yana komawa baya kaɗan.

Gajen haƙurina ya motsa wajen La'asar. Na ce, "Baba, da an sa masa wuta ai da tuni ya miƙe."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya kankare fentin wurin da wuƙa, sai ga ƙarfe ya yi shuɗi-shuɗi. Ashe mai gyaran farko na Kano wutar ya sa masa har ya yi ja. Ƙarfen da aka gasa haka ya saki, ba zai ƙara riƙe nauyi kamar da ba. Can ciki kuma akwai inda ya karye kamar an ninke takarda. Ya ce lanƙwasa ana miƙe ta, amma ninki sai yanka.

Wannan ya ƙara mana kwana biyu. Muka bazama cikin Panteka neman gaban wata matacciyar 504 da tsatsa ba ta cinye ba, kuma sai a ta huɗu muka dace. Ciniki ya yi zafi, don mai kayan ya gane daga nesa muka zo. Dattijon bai yanke tsohuwar ƙafar ba sai da ya gama jan komai ya koma mazauninsa, sannan ya yanka, ya zura wani guntun ƙarfe a ciki ya zama ƙarfi, ya yi walda ɗigo-ɗigo yana barin wuri ya huce. Mu kuwa muna kwana gidan wata gwaggonmu a Tudun Wada, wadda kullum sai ta tambaya ko kuɗin da nake zubawa bai isa sayen wata motar ba. Ya isa, kuma na gaya mata gaskiya.

Ranar ta biyar aka sake ɗiga alli, awo biyu suka zo ɗaya. Ya saki murfin inji daga sama, ya faɗa ya kulle da kansa.

A hanyar komawa, bayan Jaji, na samu wuri miƙaƙƙe babu mota gaba babu baya. Na sassauta hannu daga sitiyari na ƙirga har goma, tana bin layinta. Na taɓo ƙanena ya gani, ya buɗe ido ɗaya ya ce in riƙe abin nan kafin in mayar da mu Panteka. Fendar dama har yanzu jan fentin hana tsatsa ne a jikinta, sai bayan Sallah za a fesa fari.