Abin da Gwajin Dengue Ya Koya Mini Game da Katin Rigakafi

Da damina ake yawan kawo mana, a ɗakin gwaje-gwajenmu, jinin masu zazzaɓin da aka yi wa gwajin maleriya ba a samu komai ba, a ce mu duba ko dengue ce, wato wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa. Gwajin da muke amfani da shi, ELISA, yana neman sojojin da garkuwar jiki ta ƙera ne don yaƙar cutar. Idan suna nan, ruwan da ke cikin 'yan ramukan farantin sai ya rine.

Farantina ya riƙa rinewa fiye da yadda hankali zai ɗauka, har da jinin mutanen da alamunsu ba su yi kama da dengue ba. Da na fara tambayar katin rigakafi, sai zaren ya bayyana: da yawansu an yi musu allurar rigakafin zazzaɓin shawara, wasu suna jarirai 'yan wata 9, wasu kuma a rigakafin gama-gari. Ƙwayoyin shawara, dengue da Zika dangi ɗaya ne, sauro iri guda, Aedes, ke yaɗa su, rigarsu ta waje kuma ta yi kama sosai. Sojan da aka horar a kan ɗaya yakan cafke ɗan'uwanta. Tun daga nan ba na rubuta "dengue" da ƙarfin gwiwa a kan wannan gwajin kaɗai. A kwanakin farko na zazzaɓi, gwajin NS1 ko na PCR nake ba likita shawarar nema, domin su ƙwayar kanta suke farauta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan cafkar ba kullum take zama kariya ba. Dengue iri 4 ce. Wanda ya warke daga ɗaya, idan wata ta kama shi bayan shekaru, tsofaffin sojojinsa na iya riƙe ta sako-sako, su kai ta cikin ƙwayoyin garkuwar jiki inda za ta ƙara hayayyafa. Kuba ta ga haka: iri na 1 ya ratsa ƙasar a 1977, na 2 ya zo a 1981 da zazzaɓi mai zubar jini, mutum 158 suka rasu, akasarinsu yara. A Filifin ma, bayan an yi wa dubban ɗaruruwan ɗalibai allurar rigakafin dengue mai suna Dengvaxia, a 2017 kamfanin Sanofi da ya yi ta ya sanar cewa tana ƙara haɗarin cuta mai tsanani ga wanda dengue ba ta taɓa kamawa ba.

Yanzu takardar neman gwajin da ba ta nuna ranar da zazzaɓi ya fara da tarihin allurar shawara ba, mayar da ita nake yi a cike. Wasu likitocin na ganin ƙaƙale ne.