Wasiƙa daga Sikotlan: tsiron da ba ya son taki

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fatan an yi girbi lafiya, kowa da iyalinsa suna cikin rufin asiri.

Wasunku sun tambaye ni game da tsaunukan Cairngorms na nan Sikotlan da kan rine da launin shunayya a watan Agusta. Wani gajeren tsiro ne mai suna heda ke yin wannan ado, kuma mutanen nan sun daɗe da shigo da shi lambunan gidajensu don ya rufe musu ƙasa. Ganyensa ƙanana ne, ba ya zubar da su ko da ƙanƙara ta lulluɓe shi. Ana dasa shi a fili inda rana ke bugawa, a bar tazarar kamar santimita 30 zuwa 40 tsakanin tushe da tushe. Shekara biyu zuwa uku rassan sun haɗe, ciyawa ta rasa inda za ta ɓullo, ruwan sama kuma ya daina wanke ƙasar.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kuma shi na fi so ku ji, shi ne ba ya son gata. Mu da muka tashi muna kai takin shanu da toka gona, hannunmu kan yi ƙaiƙayi mu zuba masa. To nan ne ake kashe shi. Nau'in da ya cika tsaunukan nan, Calluna vulgaris, ƙasa mai tsami yake so, marar ƙarfi, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Toka tana kashe wannan tsamin, sai ganye ya koma rawaya. Saiwoyinsa suna zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wata funfunar ƙasa da ke jawo masa abinci daga inda wasu tsirrai za su mutu da yunwa. Wanda ƙasarsa ke da farar ƙasa a ciki, wato mai alli marar tsami, sai ya nemi Erica carnea, wani nau'in heda ɗan tsaunukan Alps na Turai, wanda ke jure hakan, yana kuma fure a tsakiyar hunturu lokacin da lambu ya yi tsit.

Aski ma da ƙa'idarsa. A watan Maris ko Afrilu ake datse Calluna daga ƙarƙashin busassun furanni, amma in almakashi ya kai tsohon icce, da wuya ya sake toho.

Akwai abin da ba na goyon baya. Shekara da shekaru ana haƙo baƙar ƙasar fadamu, wadda ta ɗauki dubban shekaru tana taruwa, ana sayar wa masu lambu a buhu don shuka tsirrai irin su heda. Irin wannan fadama ce a arewacin ƙasar nan UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2024. Ruɓaɓɓen ɓawon icce da ganyen bishiyar fayin (pine) mai kama da allura sun wadatar, ban ga dalilin lalata daji don a ƙawata ƙofar gida ba.

Ga masu cewa in aiko da iri: don Allah ku adana kuɗinku. Zafin Afrilu a Kano ko Maraɗi, da kan haura digiri 40, ba zai bar shi ba. Yana da dai ɗan uwa, Erica arborea, a can saman duwatsun Tibesti na Chadi da tsaunukan Habasha, inda sanyi da tudu suka ba shi wurin zama.

A gaida manya da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Ɗan uwanku, daga Abadin.