Buhu goma sha biyu daga bakin Bakassi

Shekara bakwai ina sayar da busasshen jatan lande, wato kirefish, a Kasuwar Bacci ta Kaduna, kullum daga hannun dillalai. Bara da damina na ce bari in je tushe da kaina, ribar da suke ci ta dawo aljihuna. Na sauka Kalaba, na wuce Ikang, inda kwale-kwalen masunta ke sauke kaya.

Mu nan mun saba jin "tsibirin Bakassi" a rediyo, tun hukuncin Kotun Duniya na 2002 da miƙa wa Kamaru yankin a 2008. Sai da na gani da idona na fahimci wurin: ƙasa ce da ta kutsa cikin teku, rafuka sun yayyanka ta, ko'ina laka da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Ruwa kan janye ya dawo sau biyu a rana, shi ke tsara lokacin kowa. Da waɗannan itatuwan ake banda kifi da kirefish ɗin.

Nan na tafka kuskuren. Iskar wurin a jiƙe take, rigar da na wanke kwana biyu ba ta bushe ba, amma ban yi tunanin kayan da zan saya ma haka suke ba. Na damƙi na saman buhu, na ji yana ƙaras-ƙaras, na biya. Wata dattijuwa ta ce, "Malam, ka sake shanya shi kafin ka ɗaure." Na ɗauka aikin shanya take nema in biya ta. Don tsoron ruwan sama har leda na sa aka naɗe buhunan, na toshe musu iska da hannuna.

Kwana uku muna hanya. Da muka kwance a Kaduna, warin ne ya fara gaishe mu. Tsakiyar buhu bakwai ta yi ɗumi, ta dunƙule, fumfuna fari fat. Masu kiwon kaji suka kwashe a wulaƙance. Biyar ɗin da suka tsira muka baza a tabarma, suka bushe, mudu ya ragu.

Yanzu kafin in biya, hannu nake zurawa har gwiwa cikin buhu, kuma ba na barin leda ta kusanci kayana. Maƙwabcina na shago har yau in ya ga hadari ya haɗo sai ya ce, "Alhaji, a kawo leda ne?"