Abin da bai kai milimita ɗaya ba

Ranar Asabar bayan la'asar, ɗaya daga cikin yaran garejina a Magazin na Suame, unguwar makanikai a Kumasi, ya miƙo mini waya. "Masta, duba wannan." Hoton roka ne guda 16 masu ƙyalli, an buga 1.6 a jikin kowacce. Wai wani abokinsa zai aiko masa daga Amurka, ya ɗaura wa fikof ɗin wani kwastoma, mota ta ƙara ƙarfi ba tare da an taɓa kamshaf ba, wato sandar nan mai tuddai da ke juyawa tana buɗe bawul, ƙofar iskar injin; kowane tudu shi ne kam. Na tambaye shi nawa ne tudun kam ɗin motar. Ya ce ba a faɗa ba a bidiyon da ya kalla. Gabana ya faɗi, domin a kan wannan lambar na rasa mutumin da ya fi kowa yarda da ni a sana'a.

Roka kamar jigo take. Tana zaune a kan ƙusa, fushrod, sandar da kam ke ɗagawa, na tura gefe ɗaya sama, ɗaya gefen na danna bawul ƙasa, kuma gefen bawul ya fi tsawo. Ka raba tsawon gefen bawul da na gefen fushrod, abin da ya fito shi ne lambar. Ƙaramin injin V8 na Chevrolet, wanda aka fara ƙerawa a 1955, da 1.5 yake fitowa daga kamfani. Wato duk milimita ɗaya da kam ya ɗaga, bawul zai buɗe ɗaya da rabi. Ka sa 1.6, buɗewar ta ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100.

Wannan lissafin na san shi tun ina saurayi, tun ba a cire wa sidi, kuɗin Ghana, sifili ba a 2007, kuma shi ya rufe mini ido. Akwai wani Alhaji a Aboabo mai fataucin goro, yana da fikof mai injin 350, wato lita 5.7, da aka shigo da ita ta hannu daga Amurka. Ya ce mini in ya yi lodi tana nishi a hawa. Na tsinci saitin roka 1.6 a wajen wani mai sayar da kayan gyara, na ce, "Alhaji, na samo maganinta." Bai tambaye ni komai ba, ya ƙirgo kuɗi.

Na ɗaura, na yi saitin tafet, wato tazarar da ke tsakanin roka da bawul, na tayar. Injin ya yi kuka mai daɗi. Kwana 10 motar tana yawo a cikin Kumasi lafiya ƙalau. Ran da ta ɗauki goro ta nufi arewa, ta wuce Techiman, direba ya taka ta a hawa kafin Kintampo, sai ƙara, sai tsayawa. Goro ya kwana biyu a bakin hanya cikin zafi.

Da aka jawo ta na buɗe, fushrod uku sun lanƙwashe, ƙusar roka ɗaya ta zaro daga mazauninta, robobin wuyan bawul sun murƙushe. Ashe wanda ya riƙe motar a can ya riga ya canja kamshaf da mai tudu babba. Da na aro agogon awo, na'urar auna ƙaramin motsi, daga baya, tudun ya kai milimita 7.6. Da 1.5 bawul na buɗewa 11.4, sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da bawul ya rufe, yana ɗauka da ƙyar. Da 1.6 ya koma kusan 12.2. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma sifirin ya matse har zobbansa suka haɗu, babu sauran wurin tafiya, kuma kam ba ya jin bari. Abin da ya fi rauni a layin shi ya karɓi dukan.

Har yau wani lokaci nakan ce ba ni kaɗai ke da laifi ba. A layinmu kaf a lokacin mutum nawa ke da agogon awo? Ta yaya zan san an canja kam, alhali ba a rubuta a ko'ina ba? Shi ma Alhaji ya matsa, kullum sai ya ce ƙarfi yake so. Kuma lissafina daidai ne. Amma in na kwanta da dare na san gaskiya: agogon da na aro bayan ɓarna, da na aro shi kafin ta. Kunya ce ta hana ni, kada a ce makanike kamar ni yana tambaya. Alhaji bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, da ka ce mini gwaji za ka yi, da na ba ka ranar da babu kaya." Bai sake kawo mini mota ba har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da ya fi ci mini rai, ko da komai bai karye ba, ba zai ga abin da na yi masa alkawari ba. Roka ba ta canja lokacin da bawul ke fara buɗewa ko rufewa, wannan aikin kam ne. Tana sa shi buɗewa da sauri da nisa, kuma amfanin ya fi fitowa in injin na juyi sosai, in ma hanyoyin iskar kan silinda za su iya ɗauka. Motar lodi mai ja a ƙaramin juyi kaɗan za ta samu. Ga shi nauyin sifirin yana komawa kan fushrod da kam ninkin wannan lambar, sai su riƙa cinyewa da wuri.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, 'ya'yana, amma ba su kai ba. Ku auna. Ku auna tudun kam, ku ninka da lambar roka. Ku juya injin da hannu har bawul ya buɗe ƙarshe, ku tabbata sifirin yana da sauran tafiya kamar milimita 1.5. Ku liƙa yumɓu a kan fistan, ku rufe, ku juya, ku buɗe ku yanka, ku auna kaurin da ya rage, wato tazarar fistan da bawul: wajen milimita 2 ga bawul ɗin shiga, 2.5 ga na fita. Ku duba ko fushrod na gugar ramin da yake bi, domin 1.6 tana matso da shi kusa da ƙusa. Aikin yini guda ne, ku kuwa bidiyon minti uku ma sai kun tura shi gaba. Yaro ya iya faɗin lamba da Turanci, bai iya riƙe fila geji, ma'aunin tazara, ba!

In ta ni ce, ku bar injin yadda masu shi suka ƙera shi. To amma da kowa ya bi wannan, da babu Magazin, domin masu taɓa abin da aka ce kada a taɓa su suka gina wurin nan. Ku taɓa. Sai dai a injinku, da kuɗinku, ba a motar da mutum ke ciyar da gida da ita ba.

Yaron nan na ce masa kada ya tura ko sidi ɗaya. Litinin zai cire murfin bawul ɗin fikof ɗin, na ba shi agogona, ya kawo mini lambar kam a rubuce.