Lahadi, da maganar dinari ɗaya

Biyar da rabi na tashi, sanyin Filato kamar zai tsaga ƙashi. Uwargida ta ɗumama kunun jiya. Auta na barci, ƙafa ɗaya a wajen bargo kamar kullum. Mai babur bai zo ba sai bakwai saura, wai sarƙa ce ta zame. Duk da haka na isa ƙauyen kafin zumuntar mata su gama waƙar shiga.

Wa'azina na uku ke nan a can. Matiyu 20, misalin ma'aikatan garkar inabi, inda mai garka ya biya kowa dinari ɗaya, da wanda ya fara aiki da asuba da wanda ya zo da yamma. Mako biyu ina shirya shi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji kaina ya yi girma. Na kawo musu karis, kalmar Helenanci da ake fassarawa da alheri, na ce ta fito fiye da sau 150 a Sabon Alkawari. Abin da ban gaya musu ba shi ne ko sau ɗaya ba ta fito a littafin Matiyu ba. Ni na jawo ta da ƙarfi, don su san kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Na kawo Agustin na Hifo, malamin ikkilisiya na dā, da jayayyarsa da wani malami Felajiyus a kan alherin Allah, har da taron Kartaj na shekarar 418 da ya yanke hukunci a kai. Da na ce Agustin ɗan Afirka ne, garinsa yana cikin Aljeriya ta yau, wasu sun gyaɗa kai. Daga nan na saki abin da na ɗauka shi ne makamina: "Muna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. To na Allah ba danƙo ba ne, ba ya jiran a rama masa." Aka ce amin. Na sauko daga bagade ina jin ko malaminmu na darasin wa'azi ba zai sami abin gyarawa ba.

Bayan sujada, ana lissafin baiko, Baba Dattijo ya yafito ni zuwa gindin mangwaro. Ya tambayi gida, ya tambayi karatu, ya tambayi tarin Auta. Sannan ya ce, "Ɗana, ka taɓa ɗaukar 'yan ƙodago a gona?"

Na ce a'a, Baba.

Ya ce, "Na ga alama. Ni in na biya wanda ya zo da la'asar daidai da wanda ya zo da asuba, gobe wa zai zo mini da asuba? Wannan tambayar ce a zuciyar kowane manomi da ya saurare ka yau. Kai kuwa ka tafi Aljeriya ka bar mu a nan."

Na buɗe baki zan ce ai misali ne, ba darasin noma ba. Ya ɗaga hannu. Ya ce in buɗe aya ta bakwai. Shi ba ya ganin ƙananan baƙaƙe yanzu, amma ya san wurin. Na karanta inda mai garka ya tambayi na ƙarfe biyar na yamma dalilin da ya sa suka yini a tsaye, suka ce don ba wanda ya ɗauke su aiki.

"Ka tsallake wannan," in ji shi. Ya ce yana saurayi ya yi leburanci a haƙar kuza wajen Barikin Ladi. Da safe a taru, a zaɓi masu ƙirji, a bar sauran. Ya ce ya ɗanɗani duka biyun, kuma ranar da aka bar shi a tsaye ta fi ranar ɗaukar kwanon ƙasa nauyi. Mai aiki jikinsa kawai ke ciwo, ya san akwai tuwo da dare. Wanda aka bari kuwa yana kallon rana tana tafiya, yana lissafin bakin da ke jiransa a gida. "Dinari ɗaya fa ladan yini ne, abincin gida na rana ɗaya. In ka ba mutum ladan awa ɗaya, me zai saya da shi? Mai garkar nan cikin yaransu ya duba, ba agogo ba."

Ina da littattafan sharhi uku a kan teburina, duk na ara daga laburare. Wataƙila ɗaya ya faɗi haka, ni ne ban gani ba saboda ina farautar abin da zai burge. Ban san abin da zan ce ba, sai na ce na gode, Baba. Ya ce ba komai, muryata tana da kyau, sai dai in rage gudu. Ya kuma ce in bar karin maganar mutane ta huta, ba ta yi mini laifi ba.

Wannan na ƙarshen ne ya hana ni sukuni a kan babur har gida. Don kafin in tashi, matan zumunta sun ɗaura mini mudu biyu na acca da doya uku a bayan babur. Ina karɓa ina cewa a raina, lalle mako mai zuwa in je duba Mama mai ciwon ƙafa. Ga danƙon da na gama zaga a bagade, ya manne mini tun ban bar harabar majami'a ba.

Kuma ba acca kaɗai ba. Shekara uku ke nan ikkilisiyarmu ta gida ke biya mini kuɗin makaranta, daga baikon mutanen da wasunsu ba su iya kai nasu 'ya'yan sakandare ba. Ba wanda ya sa ni sa hannu a takarda. Amma duk hutun da na je, sai wani ya ce, "Fastonmu, saura nawa?" Ni kuwa tun bara nake leƙen takardun digiri na biyu, ban gaya wa kowa ba sai Uwargida. In alherinsu kyauta ne zalla, ina da 'yancin tafiya. In danƙo ne, na riga na manne. A jarrabawa na san amsar da zan rubuta in ci maki. A gaban dattawan gida ban san ta ba.

Uwargida ta ce tunanin ya isa, in ci abinci. Ta yi gwaten acca da wadda aka ba ni, har na ƙara. Ta ce ita tun ina gwada wa'azin a ɗaki ta san Felajiyus ba zai kai ƙauye da rai ba. Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce na tambaye ta?

An ɗauke wuta tun takwas. Gobe gwajin Ibrananci, ga kalmomi arba'in ban haddace ko rabi ba. Abokin karatuna ya turo saƙo wai in kawo masa doya ɗaya, tunda ni ne na fara cin ladan aiki. Zan kai masa ƙaramar.